Babi na Shida: Waƙa 27 a Faifai Ɗaya

A ranar 13 ga Nuwamba, 2000, aka fitar da wani faifan CD mai jan bango a Ingila. Babu hoton kowa a fuskarsa, sai sunan makaɗan da wata ƙatuwar lamba 1 da aka rubuta da ruwan ɗorawa. Sabuwar waƙa ko ɗaya babu a ciki. Masu waƙoƙin, wato Beatles, sun shekara 30 da watsewa, ɗayansu ma, John Lennon, saura 'yan makonni ya cika shekara 20 da mutuwa. Duk wanda ya damu da su yana da waƙoƙin nan a gida, wani a faifan garmaho, wani a kaset, wani a CD, wani kuwa ya haɗa duka ukun. A lissafin ɗan kasuwa, wannan haja ce da ta daɗe da gama cin kasuwarta.

Sai ga shi a makon farko an sayi kwafi 595,000 a Amurka kaɗai. Faifan ya yi mako takwas a saman jadawalin mujallar Billboard, ya kuma hau matsayi na ɗaya a ƙasashe fiye da 30. Da aka rufe lissafin shekarun 2000 zuwa 2009, shi ne faifan da ya fi kowane sayuwa a Amurka, da kwafi sama da miliyan 11. Ya sha gaban NSYNC da Eminem da Britney Spears, waɗanda a lokacin su ake yayi. A duniya baki ɗaya an sayar da sama da miliyan 30. Kuma duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da manhajar Napster ta koya wa matasa kwasar waƙa kyauta a intanet, kamfanonin faifai suna ta kukan cewa sana'arsu ta zo ƙarshe.

Ga wanda bai san su ba, su huɗu ne, duk 'yan Liverpool, garin da matasanmu suka fi sani da ƙwallon ƙafa: John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr. A gidajen rawa na Hamburg ta Jamus hannunsu ya faɗa, inda sukan raba dare suna kiɗa wa matuƙan jiragen ruwa da mashaya. A watan Janairu na 1962 kamfanin Decca ya gwada su ya ce ba su yi masa ba. George Martin na Parlophone, wani reshen kamfanin EMI, shi ya karɓe su, shi kuma ya riƙa naɗar musu sauti kusan har ƙarshe. Faifansu na farko ya fito a watan Oktoba na 1962, a watan Afrilu na 1970 kuma kowa ya kama gabansa. Ranar da aka watse, babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu.

A wannan ɗan tsakanin sun bar waƙa sama da 200. Faifan CD kuwa minti 80 yake ɗauka, iyakarsa ke nan. To, wa zai zaɓa? A nan gizo yake saƙa. Babu abin da ke fita da sunan Beatles sai da yardar kamfaninsu, Apple Corps, shi kuma kamfanin ba ya motsi sai gida huɗu sun amince: McCartney da Harrison da Starr da Yoko Ono, matar Lennon, wadda ke riƙe da kasonsa. Mutane ne da suka sha haɗuwa a kotu, tsakaninsu da junansu da kuma tsakaninsu da EMI. Da an ce kowa ya kawo waɗanda suka fi kwanta masa a rai, ina jin da har yau ana zaman sulhu. Sai aka kafa ƙa'ida guda: duk waƙar da ta taɓa zama ta ɗaya a jadawalin Birtaniya ko a na Billboard na Amurka ta shiga, wadda ba ta taɓa ba ta yi haƙuri. Da aka ƙirga, 27 ne, tsawonsu minti 79. Sai ka ce da su aka auna faifan.

A ganina wannan ƙa'idar ita ce sirrin faifan, ita ce kuma rauninsa. Ba makaɗan ne suka zaɓi waƙoƙin ba, ba kuma masana ba. 'Yan mata da samarin da suka riƙa kai 'yan kuɗin kashewarsu kantin faifai tsakanin 1963 da 1970 su suka yi zaɓen, ba tare da sun san suna yi ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da kaset a kasuwa ya ce a haɗa masa zaɓaɓɓun waƙoƙin Shata a kaset ɗaya ya san yadda abin yake. Mai kaset zai jero maka waɗanda aka fi tambayarsa, ka tafi kana murna, sai wani dattijo a gefe ya girgiza kai ya ce ai ba ka ji Shata ba tukuna. Dukkansu biyun suna da gaskiya.

Tun ranar da aka sanar da jerin waƙoƙin masoya suka fara ƙorafi, kuma a kan waƙa biyu suka fi tsayawa. Ta farko “Please Please Me”, wadda ta fito a watan Janairu na 1963. Duk wanda ya rayu a Ingila a lokacin ya san cewa ita ce waƙarsu ta farko da ta zama ta ɗaya, domin haka jaridun kiɗa irin su NME da Melody Maker suka buga. Amma a wancan zamani jadawali ba ɗaya ba ne a ƙasar. Wanda daga baya aka ɗauka a matsayin na hukuma shi ne na mujallar Record Retailer, a can kuwa waƙar ta biyu ta zo. Saboda haka aka bar ta a waje. Mutum ya tuna da kansa a 1963 yana murnar waƙar ta hau sama, yanzu an zo da littafin lissafi an ce masa bai gani daidai ba. Dole ransa ya sosu.

Ta biyun ta fi ciwo. A watan Fabrairu na 1967 suka fitar da ƙaramin faifai mai waƙa biyu, “Penny Lane” ta McCartney a fuska ɗaya, “Strawberry Fields Forever” ta Lennon a ɗaya fuskar. Duka biyun tunawa ce da ƙuruciya a Liverpool, ɗaya sunan titi, ɗaya sunan wani gidan renon yara da Lennon kan shiga lambunsa yana yaro. Masana da dama na cewa ba a taɓa yin ƙaramin faifai da ya kai wannan ba a tarihin kiɗan rok. Amma a Birtaniya ya maƙale a na biyu, domin wani mawaƙin soyayya, Engelbert Humperdinck, ya tare hanya da waƙarsa “Release Me”, wadda iyaye da kakanni suka yi ta saye. A Amurka an ƙirga fuskokin biyu dabam-dabam: “Penny Lane” ta zo ta ɗaya, ta Lennon ta tsaya a ta takwas. Shi ke nan, ta McCartney ta shiga faifan 1, wadda mutane da yawa ke ɗauka bakandamiyar Lennon kuwa ta sha ƙasa.

Da ma a ce an bi ƙa'idar sau da ƙafa, da da sauƙi. A 1970 Billboard ta jera “The Long and Winding Road” tare da waƙar bayanta, “For You Blue” ta George Harrison, a matsayi na ɗaya. Ta farkon ta shiga, ta Harrison ba ta shiga ba. A cikin 27 ɗin nan waƙarsa ɗaya tak, “Something”. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙorafin cewa Lennon da McCartney sun danne shi, ba sa ba shi fiye da waƙa ɗaya ko biyu a yawancin kundayensu, ya sake ganin an maimaita masa. Shekara ɗaya da 'yan kwanaki bayan fitowar faifan, ranar 29 ga Nuwamba, 2001, ya mutu.

Duk da haka, idan mutum ya zauna ya saurari faifan daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba, zai gane abin da mutane miliyan 30 suka saya. An jera waƙoƙin ne bisa tsarin fitowarsu, saboda haka labari ne kake ji, ko ba ka jin Turanci.

“Love Me Do” ce ta buɗe. Waƙa ce ta yara masu koyo, kalmominta ba su taka kara sun karya ba, sai busar hamonika ta Lennon da ke riƙe da ita. A Ingila ta 17 ta zo a 1962, sai a 1964 da Amurka ta haukace a kansu ta hau sama a can. Abin dariya ma, a naɗin da ke cikin wannan faifai ba Ringo ne ke kan ganguna ba. George Martin bai gamsu da shi ba tukuna, sai aka ɗauko wani makaɗin haya, Andy White, aka miƙa wa Ringo kacau-kacau. Daga nan sai waƙoƙin tashe su biyo baya a guje, “From Me to You” da ba ta cika minti biyu ba, “She Loves You”, “I Want to Hold Your Hand”. Wannan ce ta buɗe musu Amurka. Ranar 9 ga Fabrairu, 1964, mutum kusan miliyan 73 suka kalle su a shirin talabijin na Ed Sullivan, a makon 4 ga Afrilu kuma waƙoƙinsu ne suka riƙe matsayi na ɗaya zuwa na biyar a jadawalin Billboard, su kaɗai. A wannan kashi na faifan babu abin da ake zance sai ina son ki, kina so na, amma akwai wani kuzari a muryoyin da har yau bai tsufa ba.

Kafin ka ankara abubuwa sun fara canzawa. “I Feel Fine” ta fara da wata ƙara da jita ke yi idan ta kusanci lasifika, abin da injiniyoyin sauti ke ɗauka kuskure ne su goge, su kuwa suka ce a bar musu. “Ticket to Ride” ta zo da nauyi da jan ƙafa. “Help!” tana da saurin waƙar nishaɗi, amma daga baya Lennon ya bayyana cewa da gaske neman agaji yake yi, shaharar ta ishe shi. Waƙa ta 11 ita ce “Yesterday”, inda McCartney ya tsaya shi kaɗai da jitarsa, masu goge irin na Turawa su huɗu na raka shi, sauran ukun ko tari ba su yi ba. Su kansu ba su yarda a fitar da ita a ƙaramin faifai a Ingila ba a lokacin, suna ganin ba ta dace da makaɗan rok ba. A Amurka aka fitar, ta zo ta ɗaya, ta haka ta samu shiga.

Inda na fi so a faifan shi ne tsakiyarsa, waƙa ta 14 zuwa ta 17. “Paperback Writer” wasiƙa ce ta wani mai neman a buga masa littafi, babu soyayya a ciki sam. “Yellow Submarine” waƙar yara ce da Ringo ya rera, cike da ƙarar sarƙa da kumfar ruwa da hayaniyar matuƙa. Tana ƙarewa sai “Eleanor Rigby”, labarin wata mata da ta rayu ita kaɗai ta mutu ita kaɗai, babu wanda ya halarci jana'izarta sai limamin cocin da ya binne ta. Babu ko ɗaya daga cikin su huɗun da ya taɓa kayan kiɗa a wannan waƙa, masu goge takwas ne suka yi aikin. Waɗannan biyun a faifai guda suka fito a watan Agusta na 1966, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma jama'a suka saya har ya zo na ɗaya. A ƙarshen wannan watan, ranar 29, suka yi wasansu na ƙarshe na masu tikiti a San Francisco. Ihun 'yan kallo ya kai ba sa jin kiɗan da suke yi, ga kuma wata kasassaɓa da Lennon ya yi game da addinin Kirista wadda ta sa aka riƙa ƙona faifansu a kudancin Amurka. Suka koma ɗakin naɗar sauti na Abbey Road suka rufe ƙofa. Abin da ya fito daga can shi ne “Penny Lane”. Ka tuna cewa tsakaninta da “Love Me Do” shekara huɗu ne da 'yan watanni. Wannan tazarar, idan kunne ya ji ta cikin minti arba'in da wani abu, ita ce ke kama mutum.

Kashi na ƙarshe labarin rabuwa ne, ko da yake waƙoƙin ba su faɗa ba. “All You Need Is Love” sun rera ta ne ranar 25 ga Yuni, 1967, a wani shirin talabijin da aka watsa ta tauraron ɗan'adam zuwa ƙasashe da dama kai tsaye. Wata biyu bayan haka manajansu Brian Epstein ya mutu, mai riƙe igiyar ya tafi. “Hey Jude” McCartney ya yi wa Julian, ɗan Lennon, lokacin da auren iyayensa ke mutuwa. Ta haura minti bakwai a zamanin da gidajen rediyo ba sa son waƙa ta wuce uku, amma ta yi mako tara a sama a Amurka. A “Get Back” an rubuta sunan Billy Preston, baƙar fatan Amurka mai kaɗa fiyano, kusa da nasu a jikin faifan, girmamawar da ba su saba yi wa kowa ba. “The Ballad of John and Yoko” kuwa Lennon da McCartney ne kaɗai suka naɗe ta a rana ɗaya a watan Afrilu na 1969, McCartney na kan ganguna, a lokacin da rikicin kuɗi ya kusa hana su gaisawa.

Waƙar rufewa ita ce “The Long and Winding Road”, kuma a siffar da mai ita ya tsana. McCartney ya yi ta ne da fiyano cikin sauƙi. Aka miƙa naɗin ga Phil Spector, shi kuma ya lafta mata gogayya da ƙahoni da ayarin mata 'yan amshi ba tare da an tambayi mai waƙar ba. McCartney ya rubuta wa Allen Klein, mai kula da harkokin kamfanin a lokacin, cewa a gyara, aka yi biris da shi. Da ya shigar da ƙara a babbar kotun Landan ranar 31 ga Disamba, 1970, yana neman a raba gari, wannan na cikin hujjojinsa. Bayan shekara 30 ga shi ya sa hannu an rufe faifan tarihinsu da ita yadda Spector ya bar ta, domin ita ce ta zo ta ɗaya. A 2003 ya samu ya fitar da tasa siffar a wani kundi dabam.

Yanzu bari mu koma wajen dattijon da ke girgiza kai, domin ƙorafin masana ya wuce waƙa biyu. A Ingila ta wancan zamani Beatles sukan guji saka waƙar da suka sayar a ƙaramin faifai cikin babban kundi, don kada a sa masoyi ya biya kuɗi sau biyu. Sakamakon haka manyan kundayensu uku ba su da wakili ko ɗaya a faifan 1: Rubber Soul na 1965, da Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na 1967, da kundinsu mai farin bango na 1968. Wato babu “In My Life”, babu “A Day in the Life”, babu “While My Guitar Gently Weeps”. Makaɗan da suka koya wa duniya cewa kundi aiki ne guda da ake saurara daga farko zuwa ƙarshe, an gabatar da su ga sabon zamani ba tare da kundayen ba. Haka kuma babu ko ɗaya daga waƙoƙin baƙaƙen fatan Amurka da suka riƙa maimaitawa a farkon tafiyarsu, na Chuck Berry da Little Richard da mawaƙan Motown. Wanda ya tsaya a wannan faifai kaɗai zai zaci daga sama suka faɗo, alhali su da bakinsu ba su taɓa ɓoye inda suka sha nono ba.

Akwai wata da ta shafe mu a nan Nijeriya. “Ob-La-Di, Ob-La-Da”, wadda ke cikin farin kundin, McCartney ya ɗauko sunanta ne daga bakin wani ɗan Nijeriya mai kaɗa ganga a gidajen rawa na Landan, Jimmy Scott, wanda ya mai da kalmomin sararsa. Daga baya Scott ya nemi haƙƙinsa, McCartney kuma ya ba shi wani abu. Sauran 'yan Beatles ba su yarda a fitar da waƙar a ƙaramin faifai a Birtaniya ba, sai wasu makaɗa 'yan Sikotlan, Marmalade, suka rera ta, suka hau da ita matsayi na ɗaya a watan Janairu na 1969. Waƙar Beatles ce, ta zo ta ɗaya, amma a bakin wasu, don haka ita ma tana waje.

Ba wannan ne karo na farko da aka tattara waƙoƙinsu ba. A 1973 an fitar da kundaye biyu da masoya ke kira Ja da Shuɗi, na 1962 zuwa 1966 da na 1967 zuwa 1970, waƙa 54 gaba ɗaya. 'Yan satar fasaha ne suka tilasta yin su: wasu a Amurka sun buga wani tari mai suna Alpha Omega ba da izini ba, har suna tallarsa a gidajen rediyo da talabijin. Bangon kundayen biyu ya fi duk wani sharhi. Mai hoto Angus McBean ya ɗauki su huɗun suna leƙowa daga benen hedikwatar EMI a Landan a 1963, samari masu askakken gemu suna dariya, ya sake ɗaukarsu a wuri ɗaya, a tsayuwa iri ɗaya, a 1969, gashi har kafaɗa. A waɗannan kundayen mutum ne ya yi zaɓe da kunnensa, shi ya sa Shuɗin ya ƙunshi “Strawberry Fields Forever” da “A Day in the Life” da waƙoƙin Harrison huɗu. Ta fuskar adalci ga tarihi, Ja da Shuɗi sun fi faifan 1 nesa ba kusa ba. Amma faifai huɗu ne, da tsadarsu, kuma sai wanda ya riga ya kamu yake sayensu.

Duk tarin zaɓaɓɓu yana sake fasalin mai waƙa, kuma misalin da ya fi kusa da mu shi ne Bob Marley. Legend, wanda kamfanin Island ya fitar a 1984, shekara uku bayan mutuwarsa, shi ne faifan rege da ya fi kowane sayuwa a duniya. An tsara shi ne don ya shiga gidajen Turawa, shi ya sa waƙoƙin soyayya da na kwantar da hankali suka yi rinjaye. Babu “War”, babu “Zimbabwe”, babu “Africa Unite”, daga mutumin da ya yi wasa a bikin 'yancin kan Zimbabwe a 1980. Miliyoyin mutane Marley mai murmushi suka sani. Faifan 1 bai yi wa Beatles irin wannan aski ba, domin babu wanda ya zauna ya tace su da gangan, amma shi ma ya fito da su a fuskar da ta fi daɗin kallo, ya bar hatsaniyarsu da gwaje-gwajensu a baya.

To, me ya sa masu ƙorafin suka saya? Domin kuwa sun saya. Wani zai ce don an gyara sautin ne, wani ya ce don ya samu na sawa a mota. Gaskiyar ita ce masoyi na son a sake ba shi dalilin zama ya ji abin da ya riga ya haddace, kuma yana son gardamar kanta. Lissafa abin da aka bari a waje hanya ce ta nuna cewa kai ɗan gida ne. An kuma fitar da faifan makonni shida kafin Kirsimeti, lokacin da Turawa ke neman abin kyauta. Waɗanda suka yi ihu a 1964 sun zama iyaye, wasu har da jikoki, ga faifai ɗaya mai sauƙin kuɗi da za a miƙa wa yaro ba tare da dogon bayani ba. Sunansa lamba ce da kowa ke iya karantawa a kowane harshe, alkawarinsa kuma a fili yake: duk abin da ke ciki ya taɓa zama na ɗaya. Kamfanoni sun ga abin da ya faru, nan da nan aka yi wa Elvis Presley irinsa a 2002, Michael Jackson a 2003. Dama can kasuwar zaɓaɓɓu ba ƙarama ba ce. Faifan da ya fi kowane sayuwa a tarihin Birtaniya shi ne Greatest Hits na makaɗan Queen, na 1981.

Zamanin sauraro ta intanet ya zo ya yi wa ƙa'idar lamba ɗaya dariya. Beatles sun yi jinkirin shiga, sai ranar 24 ga Disamba, 2015 aka saki waƙoƙinsu a Spotify da makamantansa. Yanzu da kowa ke zaɓa da yatsansa, wadda aka fi saurara ita ce “Here Comes the Sun”, ta farko a waƙoƙinsu da ta haura sauraro biliyan ɗaya a Spotify, a 2023. Ba a taɓa fitar da ita a ƙaramin faifai a Birtaniya ko Amurka ba a zamaninsu, ba ta cikin faifan 1, kuma George Harrison ne ya yi ta.

A wannan shekarar ta 2023 lissafin 27 ɗin ma ya tashi daga aiki. Akwai wani kaset da Lennon ya naɗa a gidansa na New York a ƙarshen shekarun 1970, yana rera wata waƙa da fiyano. Yoko Ono ta ba sauran ukun a 1994, suka gwada ƙarasa ta a 1995 suka ajiye, domin fiyanon ya danne muryar. Sai ma'aikatan Peter Jackson, mai shirya fim ɗan New Zealand, suka samar da wata manhajar kwamfuta mai iya zare murya daga cikin hayaniya. McCartney da Starr suka ɗora nasu, aka haɗa da jitar da Harrison ya kaɗa a 1995, “Now and Then” ta fito ranar 2 ga Nuwamba, ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, shekara 54 bayan ta ƙarshe. A sabon bugun Shuɗin kundi aka saka ta, wanda tare da Jan aka faɗaɗa su zuwa waƙa 75.

Mai karatu da bai taɓa jin Beatles ba, ka fara da faifan 1, ka ji shi a jere daga ta ɗaya har ta 27, kada ka bar waya ta gauraya maka su, domin a jerin amfaninsa yake. Amma kada ka shiga gardama da masoyansu sai ka ji kundayensu Revolver da Abbey Road daga farko har ƙarshe.